Baban Yantala

Duk wanda ya yi hulɗa da kasuwar Katako a shekarun farko na mulkin kai ya san Illo direba. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba sai in an taɓo zancen hanya. Shi ke ɗauko katako daga Faraku, inda jirgin ƙasa ke tuƙewa, ya haye gada ya shigo Gaya, ya biyo ta Doso har Yamai. Motar ba tasa ba ce, ta wani alhaji ce Bamaraɗe, amma ya daɗe da ita har mutane sun manta, suna ce mata kamyon Illo. Gidansa yana Yantala, ɗaki biyu na laka da rumfa, shi da matarsa Hajjo da 'ya'yansu mata.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tawa. Su biyu uwarsu ta haifa maza, shi da ƙanensa Haruna. Shekarar da Nasara suka aiko a ba da yaro ɗaya daga gidansu don a sa lakwal, makarantar boko, ubansu ya dubi Illo, ya ga ƙato ne da ya fara riƙe hauya, ya dubi Haruna, ya ga ɗan siriri mai yawan tari. Sai ya tura Illo cikin rumbu ya rufe, ya miƙa wa dogarai Haruna. A lokacin kowa ya ce Illo ne ya tsira. Shi ma haka ya ɗauka, har ya yi wa ƙanen kuka. Sai da shekaru suka ja, Haruna ya dawo hutu da farar riga da takalmi, ya zama komi, wato akawu, a wani biro, ofishin gwamnati a Yamai, sannan Illo ya fara tuna zaman rumbun nan da wani irin ɗaci da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Noma bai riƙe shi ba. Ya bi wata mota yana yaron mota, ya sha zagi ya sha rana, har ya iya tuƙi. Ya auri Hajjo, ta haifa masa ɗa namiji, aka sa masa suna Abdulaye. Shi kuwa Haruna ya riga ya yi aure, amma matarsa Balki ciki ba ya zama mata. Da aka yaye Abdulaye sai tsohuwarsu ta kira su duka biyu, ta ce ta ba Balki yaron, ya tafi Yamai. Illo ba shi da bakin cewa a'a. Ɗan fari ne, a al'adarsu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, balle ya tsaya yana jayayya a kansa. Da ya yi gardama, da duk ƙauyen sun yi masa dariya. Ranar da za a tafi da yaron ma ficewa ya yi tun da safe, bai dawo ba sai da ya tabbata sun yi nisa.

Bayan 'yan shekaru shi ma ya kwaso iyalinsa ya dawo Yamai. Ya ce wa mutane aikin mota ya fi yawa a can. Ya tarar yaron ya shiga lakwal, an rubuta shi Abdulaye Haruna, yana kiran Haruna Baba, Balki kuma Inna. Shi Illo sai ya zama Baban Yantala. Ba a ɓoye wa yaron wanda ya haife shi ba, duk sallah ana aiko shi ya gaida su, ya durƙusa daga bakin rumfa, Illo ya amsa yana duban wani wuri, Hajjo ta tura masa kwanon tuwo ba tare da ta dube shi ba. In ya tashi tafiya, Illo yakan fito ƙofar gida kamar zai duba sama, ya bi bayansa da ido har ya sha kwana.

A daminar shekara ta huɗu da samun mulkin kai, Abdulaye ya ci bak, babbar jarrabawar ƙarshen lise, wato sakandare. Masu cinta a ƙasar a lokacin ba su da yawa, kusan duk an san sunayensu. Ya nemi karatun lokotoro, wato likita, a Dakar, don a Yamai babu makarantar. Sai dai abin ƙofa biyu ne: sai makarantar can ta karɓe shi, sai kuma gwamnati ta ba shi burs, kuɗin karatu da na jirgi. Guraben kaɗan ne, masu nema sun fi su yawa. Aka ce a jira, za a sanar a rediyo. Ba wanda ya san ranar.

Haruna mutum ne da ba ya iya zama haka kawai. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya aika a kira wansa. Illo ya tarar da shi a barandar gidansa na siminti, da tabarau a hanci, Balki tana gefe a kan tabarma, Abdulaye ya sunkuyar da kai daga can nesa.

Haruna ya ce, “Yaya, na ga ya kamata mu yi shiri tun yanzu, kada abu ya zo mana bagatatan. In Allah ya sa an ɗauke shi, to tufafi da takardu duk na fara haɗawa. In kuma ba a ɗauke shi ba, na yi magana da shef ɗinmu na wurin aiki, akwai kujera a biro, sai ya riƙe kafin baɗi ya sake nema. Na kuma tambayi zancen karatun dabbobi, ko da hali.”

Illo ya ce, “To, ai ka gama komai.”

“A'a Yaya, shawara ce.”

“Shawarar da an riga an yi magana da shef?”

Haruna ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, “Ni dai albarkarka muke nema.”

“Allah ya sa albarka,” in ji Illo. Ya sha ruwan da Balki ta kawo, ya tashi. Duk hanyar Yantala yana ta juya kalmar nan. Albarka. Abin da ake nema wurin tsohuwa ko liman ke nan, bayan masu abu sun gama yanke shawararsu.

A Katako abin ya fi yi masa ciwo. Haruna ya biyo wata rana sayen allon gyaran ƙofa, sai 'yan kasuwa suka tashi suna “Baban lokotoro! Sannu da zuwa, baban lokotoro!” Har da masu cewa ya sa musu baki in ɗansa ya dawo a riƙa duba su kyauta. Haruna yana murmushi yana cewa ai ba a sani ba tukuna, a dai taya su addu'a. Illo yana saman mota yana kwance igiya, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Da yawansu ma ba su san shi ya haifi yaron ba, waɗanda suka sani kuwa sun san ba a yi wa mutum barka da ɗan fari a bainar jama'a.

Mutum ɗaya ya lura da fuskarsa, Sumana kafinta, Bazabarme, abokinsa tun zuwansa garin. Da yamma Illo ya je rumfarsa ya ajiye masa alluna masu kyau, ja, waɗanda ya zaɓo da hannunsa a Faraku.

Ya ce, “Akwati nake so. Mai ƙarfi, da makulli.”

Sumana ya ce, “Na wa?”

“Na ɗan gidan Haruna.”

Sumana ya yi dariya har ya ajiye zarto. “Ɗan gidan Haruna! Ku Hausawa dai kun iya wahalar da kanku. Ɗanka ne, kowa ya ga tafiyarsa ya san naka ne. Ka buɗe baki ka faɗi sunansa mana, me zai same ka?”

“Kai dai yi mini akwati.”

“Kala suru,” in ji Sumana, wato sai haƙuri, ya ja allunan.

Akwatin ya yi kyau, har da ƙusoshin tagulla a kusurwa. Illo bai iya kai shi da kansa ba, Hajjo ce ta bi mai kura ta kai. Da ta dawo ta ce Balki ta yi godiya sosai, amma ta ce jirgin sama ba ya ɗaukar kaya mai nauyi haka, kuma Haruna ya riga ya sayo balis, jakar tafiya ta fata, a kantin Nasara. Akwatin dai an shigar da shi ɗakin Balki, ta ce zai yi mata amfanin zannuwa. Illo ya ce, “Madalla.” Ya ture kwanon da ke gabansa, ya ce tuwon ya yi gishiri. Hajjo ta dube shi, ta ɗauke kwanon, ita ma tun da ta dawo ba ta ci ba.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, rediyo shiru. Ana nan wata safiya Illo yana ƙarƙashin mota yana duba mai, sai ya ga ƙafafu sun tsaya kusa da taya. Ya leƙo, ya ga Abdulaye.

Bayan gaisuwa saurayin ya ce, “Baba, na ji an ce yaron motarka ya tafi gida noma. Ko zan bi ka Faraku wannan tafiyar?”

Illo ya koma ƙarƙashin mota don kada a ga fuskarsa. Daga can ya ce, “Mutanen gidanku sun sani?”

“Na faɗa musu. Inna ba ta so, amma na gaji. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ce mini lokotoro, in an buɗe rediyo kowa sai ya zuba mini ido. Mutanen biro sun ce kwamitin raba burs ba zai zauna ba sai wata ya mutu. Za mu dawo kafin nan, ko?”

“Za mu dawo.”

Tun da aka haifi yaron nan Illo bai taɓa zama da shi su biyu ba. Yanzu ga shi a kujerar gefe, gwiwarsa tana bugun ƙarfen gaba in mota ta faɗa rami. Illo ya riƙa nuna masa abubuwa yana magana kamar da gilashi yake yi: nan ne wata mota ta kife bara, nan ake sayar da zabbi da araha, ga inda ake rage gudu in ƙasa ta jiƙe. Bayan Doso, inda hanya ta miƙe ba kowa, ya tsaya ya ce, “Kai, zagayo nan.” Ya ɗora masa hannu a kan sitiyari. Saurayin ya kashe motar, ya sake kashewa, daga baya ta tashi da shi. Kafin su kai Gaya ya iya canja giya ba tare da ta yi ƙara ba. Illo bai yaba masa ba, amma da suka sauka ya saya masa soyayyen kifi mafi girma a teburin mai kifin.

Abu ɗaya ke ɓata masa tafiyar. Abdulaye ba ya yin magana mai tsawo sai ya ce “Baba ya ce”. Baba ya ce Dakar akwai sanyin teku. Baba ya ce kada ya shiga siyasar 'yan makaranta. In yana magana da Illo ma Baba yake ce masa, amma wannan Baban na gaisuwa ne, wanda ake ce wa kowane dattijo. In ya ce “Baba ya ce”, ba sai an tambaya wane ba.

A Faraku, suna zaune a inuwa ana yi musu lodi, Illo ya ce, “In ba su ɗauke ka ba fa? Biron za ka shiga?”

Abdulaye ya girgiza kai. “Ban faɗa wa Baba ba tukuna, amma ba na son biro. Zan nemi aiki a asibiti, ko wankin ciwo ne, in riƙa ganin yadda ake yi. Da yamma in yi bitar littattafaina. Baɗi in sake nema. In sun ƙi, in sake.”

“Me ka gani a aikin nan haka?”

Saurayin ya ce, “Ina ƙarami na sha ganin Inna kwance, an fitar da zannuwa da jini, mata suna ta shiga suna fita, ba wanda ya san abin da ke damunta. Har yau ba a sani ba.”

Illo ya kawar da kai. Ashe karatun ma na Balki ne. Ya zauna yana kallon masu lodi suna jera katako, sai wani tunani ya shigo masa wanda bai gayyata ba. Alhaji mai motar yana shirin sayen ta biyu, ya kuma sha cewa yana neman wanda ya san boko ya riƙa yi masa magana da 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito a kan iyaka. Yaro mai bak, wanda ya iya tuƙi, ai alhaji da gudu zai karɓe shi. Shekara guda a hanya tare da shi, wa ya sani, ƙila zancen asibitin ma ya bi ruwa. Da ya tashi sallar la'asar ya ɗaga hannu zai roƙi Allah ya sa a ɗauki yaron, sai ya ji bakinsa ya yi nauyi. Ya ce dai Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya shafa da sauri.

Suka juyo da kaya, suka haye gada, suka iso Gaya da rana tsaka. Daga nan wuni ɗaya ne zuwa Yamai, a sauke katako, saurayin ya koma barandar siminti. Illo ya kashe mota a tasha, ya buɗe gabanta, ya daɗe yana kallo. Ya ce yana jin wata ƙara da ba ta yi masa ba. Ya kwance famfon mai, ya baje ƙananan ƙarafan a kan buhu. A ransa ya ce wata bai mutu ba tukuna, kwana biyu ba za su ɓata komai ba.

Kwana biyun suka wuce, ya ƙara. Da safe su yi shayi, su je bakin kogi su yi wanki, ya koya masa ɗaurin kaya da facin taya. Direbobin da suka san shi suna tsayawa su ce ko su taimaka, ya ce a'a, ya kusa gamawa. Wani mai shayi ya tambaye shi, “Wannan ɗanka ne? Kun yi kama.” Illo ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Ɗan gidan ƙanena ne.”

Ran Asabar da yamma Abdulaye ya tsuguna gaban buhun, ya ɗauki wani ƙarfe ya juya shi. Ya ce, a hankali, “Baba, tun daga Faraku ina saurare. Ni ban ji ƙarar komai ba.”

“Yaushe ka fara sanin mota?”

“Ban sani ba. Amma na ga tun shekaranjiya abu ɗaya kake wankewa.”

Illo ya ci gaba da goge ƙarfen da ke hannunsa. Suna nan a haka sai mai shayin ya ƙara muryar rediyonsa, don lokacin sanarwa ya yi. Aka yi da Faransanci, Abdulaye ya miƙe zumbur tun ba a juya da Hausa ba. Kwamitin ya zauna da wuri. Aka karanto sunaye, a ciki har da Abdulaye Haruna. Aka ce duk wanda ya ji sunansa ya bayyana da kansa ran Litinin kafin a tashi daga aiki, a duba lafiyarsa ya sa hannu. Wanda bai zo ba, za a ba na bayansa gurbin.

Mutanen tasha suka yi caa suna barka. Abdulaye ya dubi ƙarafan da ke baje a kan buhu, ya dubi Illo. Motocin da za su Yamai ran nan duk sun wuce, Lahadi kuma ba a cika samun mai tafiya ba.

Kwancewa ta fi ɗaurawa sauƙi. Garin sauri, wani ɗan ƙaramin ƙarfe ya faɗa cikin yashi, sai da suka tankaɗe wurin da rariyar mai ƙosai kafin su gan shi. Motar ba ta tashi ba sai Lahadi bayan azahar. Suna fita gari hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama taɓo. Da ƙyar suka kai Doso suka kwana. Da asuba suka kama hanya. Hantsi ya ɗaga ke nan, bayan sun wuce Birnin Gaure, suka tarar da motoci a tsaye. Wata ƙorama ta kawo, ta yanke hanya, jan ruwa yana gudu da rassan itace. Masu jira suka ce ba mai wucewa sai gobe, in ba a ƙara ruwa ba.

Illo ya sauka ya tsaya a bakin ruwan. Ya yi tunanin ya afka da motar, ya kuma san da nauyin katakon nan a tsakiya za ta zauna. Sai ya ji ana kira daga ƙetare, “Yaya! Yaya!” Haruna ne, tsaye kusa da wata ƙaramar mota, yana ɗaga hannu. Ashe tun da ya ji sanarwar ya tafi Katako yana tambayar direbobi, aka ce an ga kamyon Illo a Gaya ya lalace. Ya roƙi shef ɗinsu aron mota da direba, ya taho tarye.

Illo ya hau saman kaya ya kwanto doguwar igiya. Ya ɗaura wa Abdulaye a ƙugu, ya ja ƙullin ya sake ja. Ya ce, “Kada ka dubi ruwan, dubi waccan bishiyar. Ka riƙa jan ƙafa, kada ka ɗaga.” Ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa, ya kafa ƙafa a ƙasa. Saurayin ya ɗora rigarsa a ka ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ya yi tangaɗi, igiyar ta miƙe har ta yanki tafin Illo, ya riƙe. Can sai ga Haruna, mutumin da ko kwalekwale ba ya yarda ya shiga, ya faɗo ruwa da wandon biro da takalmi, har tabarau ɗinsa ya tafi, ya kama hannun yaron ya jawo shi tudu. Mutanen gefen biyu suka ɗauki kabbara. Wani kusa da Illo ya ce, “Kai, uba dai uba ne. Ka ga yadda ya shiga?”

Abdulaye ya kwance igiyar ya sake ta. Haruna ya ɗaga murya ya ce, “Yaya, sai ka iso! Allah ya kiyaye!” Suka shiga mota suka tafi. Illo ya jawo igiyarsa tana ɗigar ruwa, ya naɗe ta, ya zauna a inuwar katako har washegari.

Sun isa a kan lokaci, Abdulaye ya sa hannu, gurbin ya zama nasa. Labarin shigar Haruna ruwa ya zaga Katako, kowa yana ƙara masa gishiri, har aka kai ga cewa ninƙaya ya yi da yaron a bayansa. Haruna da kansa ya zo Yantala yi wa wansa jaje, ya ce mota ai ba ta da tabbas, Allah ya rufa asiri. Daga maganarsa Illo ya gane Abdulaye bai faɗi komai ba. Da ya faɗa, da an yi faɗa an huce. Sai ya zama ga yaron ya rufa masa asiri, ga ƙanensa yana tausaya masa, shi kuma ba shi da wanda zai yi fushi da shi a fili.

Ranar tafiya aka cika filin jirgi. Balki tana kuka, Haruna yana ta maimaita nasiha, Hajjo ta ƙi zuwa. Illo ya tsaya can baya wajen shinge. Da aka kira matafiya Abdulaye ya ratso mutane ya zo ya durƙusa gabansa.

Ya ce, “Baba, zan tafi.”

Illo ya ce, “To. Ka riƙe salla.”

Saurayin ya ɗan jira ko akwai ƙari, babu. Ya tashi ya tafi.

Shekarun karatun nan Illo ya yi su ne da saƙon baki. Wasiƙa gidan Haruna take zuwa, shi ya iya karatu, shi ke zuwa Yantala ran Juma'a ya ce yaron yana gaida su, ya ci jarrabawa, ya yi ƙiba. Illo yakan ce madalla, in ƙanen ya fita ya ce wa Hajjo, “Wa ya san abin da ya rage bai faɗa ba.” In an zo hutu ma can ake sauka. Furfura ta fito masa, ya aurar da 'ya'yansa mata, yana nan a hanyar Faraku.

Da Abdulaye ya gama ya dawo, kowa ya ɗauka a Yamai za a bar shi. Haruna har ya sa an yi wa ɗaki fenti. Sai gwamnati ta tura shi Gure, can gabas da Damagaram, inda mota ke kwana da kwanaki kafin ta kai. Haruna ya yi ta bin manya, bai yi nasara ba, shi ma lokotoron bai nemi a canja masa ba. Balki ta kwanta ciwon baƙin ciki.

Ba a yi wata biyu ba Illo ya je wurin alhaji ya ce ya gaji da katako. Ya ce a ba shi motar gabas, mai kai siminti da sukari Damagaram. Alhaji ya ce hanyar ta fi tsawo, ta fi muni, shi kuma ba yaro ba ne. Illo ya ce ya sani. Daga Damagaram kuwa ba ya rasa dalilin ƙarasawa Gure, ko buhun wani ko saƙon wani. Yakan ajiye mota a bakin kasuwa, ya je ya zauna a gindin wata bishiya daura da asibitin, yana kallon layin mutane da raƙumansu. In lokotoro ya tashi aiki ya fito ya durƙusa, su tafi gida su ci abinci, hirarsu ba ta wuce ta hanya da farashin gero. Zancen Gaya bai taɓa tasowa ba.

In ya dawo Yamai ba ya zuwa gidan Haruna. Wanka yake yi ya shimfiɗa tabarma a rumfa ya jira. Kafin la'asar sai ga Haruna a kan keke, ya tsufa shi ma, yana haki.

“Yaya, sannu da hanya. Ka same shi?”

“Zauna mana. Hajjo, kawo gawayi.”

“Lafiyarsa ƙalau dai? Balki ce ta matsa mini.”

“Ka bari a ɗora shayi tukuna,” in ji Illo. Sai ya jawo buta ya ɗauraye kofuna ɗaya bayan ɗaya, ya fasa sukari, ya fara ba shi labarin wata taya da ta fashe masa kusa da Birnin Ƙonni.